Kaurin Silin Gashi

A bayan Tashar Dukku, inda hayaniyar Gombe ke raguwa,
Kawu Bappayo ya dire mini gawar fistin a kan benci.
Ya tsage tun daga ramin zobe na biyu har gindi.
Ya ce, karanta.
Na ce, Kawu, ai babu rubutu.
Ya ce, ƙarfe ba ya mutuwa bai bar wasiyya ba.

Na juya shi a tafin hannu.
Gefe guda sumul, har ina ganin haƙorana,
gefe guda kamar kaza ta yi tono.
Wanda ya fere shi gwani ne, gwanintar ce ta yi yawa:
ya auna shi da sanyin asuba,
ya zauna cif a cikin silinda,
ya manta akwai azahar.
Zafi ya zo, goran-ruwa ya kumbura,
ya nemi wurin miƙe ƙafa, bai samu ba.

Wannan kwamfiresa ba ta faci ba ce.
Ita ke ɗura iska a dogayen tukwanen asibiti,
kuma ba ta shan mai, ko ɗigo,
don mai da wannan iska ba sa ga maciji.
Sai zobba su yi ta goga a bushe,
sau ɗari huɗu a minti.
Na buga lissafi a bayan kwalin sikari:
dubu ɗari biyar da saba'in da shida kafin gobe war haka,
hawa da sauka, babu Juma'a, babu Lahadi.

Kwana tara ina zane ina gogewa.
In na ƙara masa nama, ya yi wa sanda nauyi.
In na rage, ya zama fanko.
Na zagaye kusurwar ramin zobe,
don tsaga, kamar gulma, a lungu take farawa.
Tsakaninsa da bango na bar tazara,
kaurin silin gashi huɗu, ko biyar in an yi rowa.
Kawu ya duba, ya tura hularsa ƙeya,
bai ce komai ba. A wurinsa yabo ke nan.

Ranar da muka ɗaura,
Dija mai kula da injin ta riƙe agogo,
ni na kafa sukundireba a jikin silinda,
na manna kunne a ƙotarta.
Dum, tas. Dum, tas.
Awa uku. Ƙarfe ya yi zafin da ba a taɓawa.
Dum, tas.

Da la'asar wata Keke Napep ta kwashi tukwane shida.
Ban san wa zai shaƙa ba.
Shi ma ba zai san ni ba.
Na wanke hannu da kananzir da garin katako,
baƙin ƙarƙashin farce dai ya ƙi fita.