Mudun Da Bai Hau Mota Ba

Shekara arba'in Baba Efrain yana noman gahawa
a gangaren nan na bayan Pitalito,
inda alfadari ma sai ya yi shawara da ƙafarsa
kafin ya taka.
Shekara arba'in, bai taɓa ɗanɗana mai kyan ba.

Mai kyan ta buhu ce, ta motar ranar Asabar,
ta mutanen da ba mu san fuskarsu ba.
Rabonmu shi ne tsintar baya:
mai huji, mai ɓarin baki, wadda ta taso saman ruwa.
Mama ta ƙona ta baƙi ƙirin,
ta kashe ɗacin da mazarƙwaila,
mu sha, mu fita aiki.
Maginin tukunya, ga shi yana shan ruwa a tsingaro.

Bana na ɗebi mudu guda kafin a ɗinke bakin buhu.
Ƙanena Wilmar ya gani,
ya mai da idonsa kan sikeli.

Na ɗora tsohon kaskon ƙarfe,
wanda hannunsa ɗaya ya tafi tun ina goye.
Ƙwayar ta zuba kore-kore, tana ƙara kamar tsakuwa,
ƙanshinta na ɗanyar ciyawa.
Ina juyawa, ban yarda cokali ya huta ba.
Ta yi rawaya. Ta yi ƙanshin burodi.
Ƙaiƙayi ya tashi ya sauka a girata,
a gashin kyanwa, a kan hoton Mama.
Sai ƙas!
Sai ƙas, ƙas, kamar gugguru na gaisawa da wuta.
Na ƙirga numfashi sittin, na sauke,
na baza a rariya, ina fifita da murfin tukunya
har hannuna ya mutu.

Baba ya leƙo daga ƙofa.
Ya ce, Nubia, kin sauke ta ɗanya.
Na ce a ba ta kwana uku.
Ya ce, ita ma baƙuwa ce?

Kwana uku tana cikin kwalba tana huce fushinta.
Ran na huɗu hazo ya rufe kwari,
ko gonar ayabar maƙwabta ba a gani.
Na niƙa da hannu, na bar ruwa ya sauka daga tafasa,
na zuba a hankali, garin ya kumbura
kamar ƙasa ta sha ruwan fari.
Na ture mazarƙwaila can ƙarshen tebur.

Masu saye sukan rubuto mana a takarda:
lemo, zuma, ƙanshin fure.
Na zauna ina jiran in ji wanne zai faɗa.

Ya kurɓa. Ya riƙe a baki.
Ya dubi tagar da babu komai cikinta sai fari.
Ya sake kurɓa.
Ya ce, wannan ta ƙarƙashin gwaiba ce,
layin da Dioselina ta dasa
shekarar da ruwa ya tafi da gada.
Tana ɗauke da cikinki,
na ce ta zauna, ta ƙi.

Ban gaya masa daga wane buhu na ɗiba ba.
Ni kaina ban sani ba.

Ya sha har ta huce, ya ce da sanyinta ma ta fi magana.
Ya juya kofin a tafinsa mai kanta,
ya lashe ɗigon ƙarshe da ɗan yatsa.
Sannan ya miƙe, ya ɗauki hularsa da adda.
A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.
Ya ce, da daɗi.
Amma gobe ki ƙona mini irin ta uwarki.

Ga ni nan tun asuba da tsintar baya a kasko,
hayaƙi ya cika ɗakin, idona na ruwa.
Karo na uku ke nan ina zubarwa.
Ashe ita ma ƙonawar da hannunta,
ban kuwa taɓa tsayawa na kalla ba.