Agogon Lauya Bramlett

A Nima, bakin babbar kwata,
nan teburina yake, shekara talatin.
Ni ne Ɗantani mai gyaran agogo.

Wata Laraba tsoho ya sauko daga mota,
baƙi wuluk, sak kawuna Sanda,
sai dai harshensa na ƙetaren teku ne.
Ya sa agogon aljihu a tafina.
Yaron shagona ya zama tafinta:
"Ubana ya saye shi da kuɗin dako
a tashar jirgin ƙasa."

Na buɗe cikinsa. Tsatsa ce kaɗan.
Ya zauna a benci da kokon Lantana,
yana kurɓa yana warware zance.

Ya ce shi ne baƙin farko a garinsu
da ya tsaya gaban alƙali ba a matsayin mai laifi ba.
Famfo biyu ne a kotun,
littafin rantsuwa ma biyu,
kada hannu ya taɓa inda hannu ya taɓa.
Yana da furfura alƙali na ce masa "yaro".

Sau biyu ya tsaya zaɓe ya sha ƙasa.
Suka ƙone ofis, har da keken rubutu.
Na uku ya ci da ƙuri'a sha ɗaya.
Aka ba shi kujera daf da ƙofa
inda iska ke kwashe takardu.
Daga nan ya ja wuta da kwalta
zuwa unguwar bayan dogo.
Nan ya yi dariya, haƙori ɗaya na zinariya.

Agogo ya farfaɗo, yana numfashi.
Na daidaita shi da kiran la'asar.
Ya girgiza kai:
"Mai da shi baya, awa shida.
Matata na kwance a can.
Ina son sanin sa'ar da hantsi
ke taɓa kabarinta."

Na mayar. Na ƙi karɓar kuɗinsa,
ya cusa su ƙarƙashin kwalbar mai.

Damina biyu ke nan ban gan shi ba.
Cikin agogon bangon da ke bayana
akwai guda mai latti, awa shida cur.
Masu wucewa kan ce, "Malam, wannan ya lalace."
Nakan ce, "Bar shi.
Gari bai waye musu ba tukuna."