Kwanon Barira

Ni na fara gani, don ni ke wanke kwanuka.
Naki na dawowa da rabin tuwo,
miyar kuka ta daskare a gefe kamar laka.
Ki ce kin ƙoshi,
ki sha ruwa moɗa biyu ki kwanta.

Kafin ladanin Bagalam ya gyara murya
kin ɗaure takalmi.
Daga ƙofar gidanmu har bakin Gulbi,
ki dawo, ki koma,
cikinki babu ko loma,
sai lissafin mintocin da Illiyasu ya rubuta miki a takardar siminti.
Shi ya ce tsuntsu mai nauyi ba ya tashi.
Ni kuwa na ga janbaki a gonar hatsi,
yini yake yi yana ci.

Sai abubuwa suka fara shigowa ba sallama.
Watan Afrilu, Maradi na tafasa,
awaki na laɓewa ƙarƙashin motoci,
ke kina neman bargo.
Na taɓa hannunki, sanyi kamar gindin randa.
Ran da na yi miki kitso
gashin da ya bi matsefi ya cika tafina.
Na ƙulle shi a haɓar zane, ban nuna ba.

Ɗan ciwon da ƙaya ta ji miki a diddige
ya yi sati uku bai rufe baki ba.
Mura ta tafi, ta tuna ta yi mantuwa, ta dawo.
Dare ya raba ina jin juyinki a tabarma,
ƙashin kwankwaso na neman inda ba zai yi zafi ba.
Kin daka wa Auta tsawa don ya yi dariya,
ke da kike goya shi zuwa kallon kokowa.

Akwai wanda ban iya faɗa wa Baba ba.
Igiyar shanya ce ta gaya mini:
wata huɗu ƙyallen nan naki bai hau ta ba.
Na tsorata da abin da mutane za su fara zato.
Na tambaye ki a bayan ɗaki, kika yi murmushi,
wai haka ya fi, ba abin da zai tare miki gudu,
wai duk ƴan tsere haka suke.

Ban yi nisa a lakwal ba, Barira,
gyaɗa nake matsa, in sayar da mai da ƙuli-ƙuli.
Amma na san gida idan rumbu ya yi ƙasa:
a fara da sayar da kaji, sai akuya,
sai tasoshin aure,
sai a ɓalle ƙyauren ɗaki a hura wuta.
Jikinki ya sayar da ɗumi, ya sayar da jinin wata,
yanzu ya kai hannu ga ƙyaure.

Ranar zaɓen masu zuwa Yamai,
zagaye na bakwai, ba wanda ya taɓa ki,
babu rami, babu dutse.
Kika zauna a tsakiyar fili riƙe da ƙwauri,
ba kuka, sai kallon agogon Illiyasu.
Likita ta ɗaga hoton ƙafar ga hasken taga,
ta nuna mana tsaga siririya kamar zare.
Ba ta tambayi yadda kika faɗi ba.
Ta ce, "Me ta ci jiya?"
Dukanmu muka kalli ƙasa.

Ga kwanon nan na sake kawowa.
Wake da shinkafa ne, da man da na matsa da hannuna,
zogalen Jiratawa, ƙwai biyu,
fura na jira a ƙwarya.
Ban ce ki bar gudu ba.
So nake in sake tsayawa bakin titi
ina guɗa har murya ta dishe.
Illiyasu ya zo ɗazu, ya tsaya a zaure,
ya aiko da kilishi a takarda, ya kasa shigowa.

Ci a hankali, babu agogo a nan.
Ni zan wanke kwanon,
kuma zan duba.