Giɓin Ganuwa

Rumfata na bakin Ƙofar Doka,
nan nake ɗinkin takalma tun ina saurayi,
ba abin da bai gifta ni ba a wannan hanya.

Da la'asar sai ga Tanimu Ganuwa
kan tsohon babur mai tari,
buhun dusar kaji ɗaure a baya.

Shekara ashirin da biyu rabonsa da fili.
Gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa,
a kujera yake salla, tashi da wuya.

Amma bari ya tsaya shan mai:
ɗan acaɓa ya kashe inji,
mai lemo ya zaɓo masa manya,
yaran da ba a haifa ba ran da ya ajiye riga
na ihu, "Lamba biyar! Ba hanya!"

Nakan yi mamakin abin.
Mai zura ƙwallo ana rubuta masa lissafi,
shi kuwa me za a ƙirga?
Wa ke gode wa faifai
don ya hana ƙuda faɗawa miya?

Sai dai Zazzau ta riƙe daren nan.
Ba wuta, mun taru gun Ilu mai shayi,
batir na mutuwa, rediyo ta shaƙe murya.
Saura minti biyu, gola ya faɗi,
raga a buɗe kamar bakin rijiya.
Muka ji "Tanimu!" daga wata ƙasa mai nisa,
Ilu ya yi tsalle ya ɓarar da tukunya.

Yanzu labarin ya yi ƙiba.
A Kwangila sun ce mutum uku ya tare,
a Sabon Gari bakwai ne,
wani direba ya rantse mini yana filin,
alhali bai taɓa wuce Kaduna ba a tafiya.

Ran nan ya kawo silifas, maɗauri ya tsinke.
Ina soka basilla na ce, "Ganuwa,
yaya aka yi ne? Don Allah faɗa mini gaskiya."

Ya washe baki, giɓin ya fito.
"Ɗan'asabe, ban ma gan ta ba.
Santsi ya kwashe ni na zube,
ta zo da kanta ta same ni a baki.
Haƙori biyu na baro can,
na farfaɗo ana ce mini gwarzon duniya."

Na ce, "To me ya kai ka wurin?"
Ya yi shiru, yana murza gwiwa.
"Nan aka ajiye ni. Kowa ya tafi gaba neman suna,
dole wani ya tsaya."

Na kai zancen majalisa bayan isha.
Ɗaya ya ce kawaici ne irin na manya,
ɗaya ya ce na shara ƙarya.
Direban nan ya ce ai shi ya gani da idonsa,
na ja bakina, na bar su da hayaniya.

Jiya na leƙa lungu na ga jikana Sagiru,
ya zana biyar da gawayi a bayan singileti,
ya jera duwatsu biyu, ya dage a tsakiya.
Haƙoransa na gaba sun fita wancan mako,
yana bin mutane yana nuna giɓin,
wai irin na Ganuwa ne, ko kunya.