Hannun Lurwanu

A Gwammaja muka san shi, yaro mai jifa.
Dutse ɗaya, mangwaro ɗaya,
ba ya maimaitawa.
Wani koci ya gan shi a filin makaranta,
ya damƙa masa farar ƙwallo mai jan ɗinki,
ya ce sunan wasan besbol.
Muka yi dariya. Wa ya san shi a Kano?

Yana ɗan sha tara ya hau jirgi.
Kakar wasa biyu ya yi a can,
ana biyansa ya yi jifa,
abin da Inna ta sha dukansa a kai.
Ran nan, a jifa na arba'in da uku,
kafaɗa ta ce ɗas,
kamar tsohon zare.

Yanzu yana 'Yan Lemo.
In mota ta iso da kankana
a jefo daga sama, ya cafe da hagu,
bai taɓa fasa ko ɗaya ba.
Safar fatar nan tana gida,
da ita Inna ke sauke tukunya.

Jiya wani yaro ya jefi ƙadangare, ya kuskure.
Lurwanu ya yafito shi,
ya ɗaga masa gwiwar hannu kaɗan,
ya koma kan kankanarsa.