Katanga Bulo Ɗaya

Ruwan Agusta ya same ni bisa kabu-kabu
tsakanin Wadata da Bukoki.
Kafin la'asar hanci ya zama famfo,
kafin isha'i ƙashina ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen itace.

Ƙarfe biyun dare, ƙarƙashin bargo,
na tambayi waya a hankali, kamar mai neman bashi:
mene ne maganin mura da zazzaɓi?
Ban gaya wa kowa ba. Ita kaɗai.

Gari na wayewa sai ga kasuwa ta ci a tafin hannuna:
ga siro, ga ƙwaya, ga man shafawa daga wata ƙasa,
ga farmasi, wai taku ɗari uku daga ƙofata.
Wa ya ƙirga takuna?
Wa ya ce musu nan nake kwana?
Har da mai inshorar rai,
shi ya riga ya auna mini likkafani.

Atishawa na yi a ɗaki rufe,
wani a ƙetaren teku ya rubuta ta a littafi,
bai ko ce yarhamukallahu ba.

Sai aka buga ƙofa.
Inna Tsahara ce ta bayan katanga,
mutuniyar Tawa, shekara talatin a Yamai
harshenta bai baro Adar ba.
Kwano a hannu, an rufe da faifai.
"Tarinka ya hana ni kwana. Tashi ka sha."

To, ita ma ta ji.
Katangarmu bulo ɗaya ce, ba ta riƙe komai.
Ta san ranar da albashina ke ƙarewa,
ta san sunan da nake kira bayan sha ɗayan dare
in sassauta murya.
Amma shekara shida ban taɓa tsintar maganata
a bakin famfo ko teburin mai shayi ba.

Na ɗaga faifai, tururi ya mare ni.
Kazar gida ce, mai tauri, wadda ta yi yawo ta san duniya.
Citta, masoro, kanumfari, kimba,
albasar Galmi ta narke har ba a ganinta,
tafarnuwa babu rowa,
da wani abu can ƙasa, mai ɗan ɗaci,
da harshena bai san sunansa ba.
A cokali na uku hanci ya buɗe
kamar titi bayan wucewar manya.
Gumi ya keto.

Barira jikarta ta faɗo, waya a sama:
"Inna, faɗi abin da kika zuba in ɗauka,
mutum dubu za su gani kafin azahar.
Kawu, ɗago kwanon. Ɗan yi tari."
Inna ta sa tafi ta rufe idon wayar
yadda ake rufe tulu saboda ƙuda.
"Cikin dubun nan, wa za shi wanke kwano?
Marar lafiya ba abin kallo ba ne.
Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, ɗiyata."

Na tambaye ta mai ɗacin nan.
Ta ce, "Sha dai."

Da maraice na bi wayar ɗaki-ɗaki ina rufe tagogi.
Na hana ta sanin inda nake,
na hana ta saurare,
na sauya lambar sirri, da ma ranar haihuwata ce.
Sau uku tana tambaya: ka tabbata?
Kamar ita za a cuta.
Abin da ya riga ya fita kuwa,
ban san a rumbun wa yake ba.

Na mayar da kwano da dabino bakwai a ciki.

Jiya na warke.
Wayar har yanzu tana tallata mini siro.
Inna Tsahara ta kwana ba ta ji tari ba,
da safe ta wuce ƙofata da bokitinta,
ta gaishe ni kawai.