Minti Ashirin a Gidan Mai

Kwana biyar suka rubuta maka, Barnaba,
da hatimi, da sa hannun kyaftin.
Ka karanta mini takardar ta waya daga Diffa
har sau biyu, sai ka ce kurma ne ni.
Kai ka tsaya wa Mutari gadi ranar Layya,
ka ce yanzu bashi ya zo biya.

Uwarka ta sayo zabi uku a Kasuwar Dole.
Famfo bai ɗiga ba tun Litinin,
na bi ɗan garuwa har Garin Malam,
na cika randa biyu da tulun wanka,
kada ka iso Damagaram ka tarar da ƙishin da ka bari.
Rifkatu ta ɗinka wa Ishaya rigar makiyayi,
shi zai riƙe sanda a wasan majami'a.

Ran jajibiri da la'asar ka sake kira.
An soke hutu. Za a kwashe ku yamma.
Ina? Ba a faɗa ba.
Amma kwalta ɗaya ce,
kuma a nan za ku sha mai.

Muka bar waƙar Kirsimeti ba a kai amshi ba,
muka ɗauki kwano da bargo.
Tara ta wuce, sha biyu ta wuce.
Mai shayi ya ba mu benci bai tambayi komai ba.

Ɗaya da kwata, motoci sha ɗaya.
Duk fuska iri guda ƙarƙashin hular kwano.
Ni ina ta leƙe,
uwarka kuwa tarinka ta ji.

A tsaye ka ci cinya guda,
sauran ka miƙa sama,
na ji Mutari ya yi bisimilla cikin duhu.
Ishaya na barci a bayan uwarsa, sanda a hannu.
Ka ce kar a tashe shi.
Ka gwada tafin ƙafarsa da tafin hannunka,
ka ce, ashe ya wuce takalmin da na sayo.

Sai usur.

Da safe yaro ya ce ƙarya muke,
sai da ya shinshina rigarsa ya ji gazuwal.

Maƙwabciya ta shigo neman ruwa,
na ba ta randa guda.
Tulun wankan kuwa
na rufe shi da faifai, na ɗora dutse.